An karanta ƙwayoyin halittar alkama kaf, to me ya hana amfanin gona ninkawa?

Tambaya: "Malam, na karanta cewa tun 2018 masana suka gama karanta ƙwayoyin halittar alkama gaba ɗaya. Idan haka ne, me ya hana su fito da irin da zai ninka amfani kamar yadda aka yi zamanin Norman Borlaug? Ko binciken ne ya tsaya?"

Ɗan'uwa, binciken bai tsaya ba, kuma tambayarka tana kan hanya. Ɗalibai da manoma sun sha yi mini ita. A taƙaice, yawan amfanin alkama ba ya hannun ƙwayar halitta ɗaya (wato guntun DNA, bayanin gadon da ke cikin tsiro, mai sarrafa wata sifa tasa) da za a nemo a gyara. Abin da ya faru a shekarun 1960 dama ce da ta zo sau ɗaya, aka yi amfani da ita har ƙarshenta. Abin da ya rage yanzu aiki ne na tara kaɗan-kaɗan, kuma rabin ƙarfin masu inganta iri yana tafiya ne wajen tsare abin da aka riga aka samu. Bari in warware maka daga tushe, domin sai ka san yadda aka samu ninkin farko za ka gane dalilin da na biyu yake wuya.

Alkamar da manoma ke shukawa kafin 1960 doguwa ce, wata tana kai wa mutum ƙirji. Tsayin nan yana da amfaninsa a gonar da ba taki, domin tana shanye ciyawa da inuwa, ga kara mai yawa na dabbobi. Amma da zarar ka zuba mata takin zamani ka ba ta ruwa, sai ta ƙara miƙewa, zangarniya ta yi nauyi, kara ya kasa ɗauka. Duk wanda ya taɓa shiga gonar alkamar da ta kwanta ba zai manta ba. Da yamma an yi ban ruwa, da dare iska ta taso, da safe ka tarar da yabanyar da ke tsaye jiya ta shimfiɗe kamar tabarma. Ka cusa hannu ƙarƙashi ka ɗaga, sai ka ji ɗumi da danshi, ganyen ƙasa ya fara rawaya, ƙwayar da ba ta gama cika ba kuma ba za ta cika ba. Saboda haka manomin wancan zamani yana tsoron taki, kuma yana da gaskiya.

Maganin ya fito daga Japan. A 1935 aka fitar da wani gajeren iri mai suna Norin 10, aikin Gonjiro Inazuka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani masanin noma ɗan Amurka, Cecil Salmon, ya ga irin ya kai shi ƙasarsa. Orville Vogel a jihar Washington ya haɗa shi da wani iri mai suna Brevor, daga nan aka samu Gaines a 1961. Tun a 1953 Vogel ya aika wa Borlaug, masanin inganta iri ɗan Amurka, 'yan ƙwayoyin iri a Meziko, inda yake aiki tun 1944 ƙarƙashin shirin Gidauniyar Rockefeller da gwamnatin ƙasar. Borlaug ya riga ya shafe shekaru yana fama da cutar tsatsa, don haka yana da irin da ke jure ta. Da ya saka musu gajarta, sai aka samu Pitic 62 da Penjamo 62, daga baya Sonora 64 da Lerma Rojo 64. A 1966 Indiya ta sayi tan 18,000 na wannan iri daga Meziko, da ƙoƙarin masanin noma na ƙasar, M. S. Swaminathan, da abokan aikinsa. Alkamar da Indiya ke girbewa ta tashi daga tan miliyan 12.3 a 1965 zuwa tan miliyan 20.1 a 1970, shekarar da aka ba Borlaug kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Ka lura da abu guda a nan: duk wannan an yi shi ba tare da kowa ya san ƙwayar halittar da ke jawo gajartar ba. Sai a 1999 masana a Cibiyar John Innes da ke Ingila suka gano ta. Ƙwayoyi biyu ne, Rht-B1b da Rht-D1b, kuma aikinsu shi ne su sa tsiro ya rage jin kiran wani sinadarin girma da ke cikin jikinsa mai suna jibarelin. Tsiron bai ƙara yawan abincin da yake haɗawa daga hasken rana sosai ba. Rabon ne ya sauya. A da, idan ka tumɓuke duk abin da ke saman ƙasa ka busar ka auna, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ƙwaya, saura kara da ganye da ƙaiƙayi. Bayan gajartar, ƙwaya ta kai kusan rabi. Ga kuma kara mai ƙarfi da ke ɗaukar taki ba ya kwanciya.

To a nan ne gizo ke saƙar. Wannan rabo yana da iyaka. Tsiro dole ya bar wa kansa kara da zai tsaya a kai da ganyen da zai ciyar da shi. Masana sun ƙiyasta cewa iyakar tana wajen kashi 60 cikin ɗari, kuma mafi kyawun irin yau sun kusa kai wa can. Idan ka ƙara gajarta shi, amfani raguwa yake yi. Har gajartar da aka samu ma ba kyauta ta zo ba: irin da ke ɗauke da waɗannan ƙwayoyi biyu kubensa na tsiro gajere ne, wato ɗan farin bututun da ke huda ƙasa ya fito da ganyen farko. Manomin da ke wurin fari, wanda yake son ya shuka da zurfi don iri ya tarar da laima, sai ya ga tsiro bai fito da kyau ba. Shi ya sa masana a Ostireliya suka daɗe suna neman wasu ƙwayoyin gajarta da ba su da wannan illa.

Akwai wata dabara ta Borlaug da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta a labari. Don ya rage lokaci, sai ya riƙa shuka sau biyu a shekara a wurare biyu: da sanyi a kwarin Yaqui kusa da Ciudad Obregón, ƙasa-ƙasa kusa da teku, da bazara kuma a Toluca, kan tudu mai tsayin kusan mita 2,600. Masana da yawa na lokacin ba su yarda da wannan ba. Amma abin da ya fito shi ne, duk tsiron da ya yi kyau a wuraren biyu, ba ruwansa da tsawon yini wajen fitar da kai. Shi ya sa irin Meziko ya karɓi Punjab ba gardama. Cibiyar CIMMYT ta inganta masara da alkama da ke Meziko, wadda aka kafa a 1966, har yau tana wannan kai-da-kawo.

Idan aka haɗa duka, matsakaicin amfanin alkama a duniya ya tashi daga kusan tan 1.1 a hekta a 1961 zuwa kusan tan 3.5 a yau, alhali faɗin ƙasar da ake nomawa, wajen hekta miliyan 220, bai sauya sosai ba. Iri ba shi kaɗai ya yi wannan ba. Taki da ban ruwa da maganin ciyawa duk suna da kasonsu, sai dai sabon iri ne ya sa takin ya biya.

Yanzu mu zo kan 2018. Gaskiya ne, a wannan shekara gamayyar masana daga ƙasashe da dama suka wallafa cikakken jerin DNA na wani iri mai suna Chinese Spring, suka lissafa ƙwayoyin halitta 107,891 da suke da tabbaci a kansu. Babban aiki ne, kuma ya zo a makare, domin shinkafa an gama nata tun 2005. Dalilin jinkirin yana cikin asalin alkamar kanta. Alkamar burodi tsirrai uku ne a jiki ɗaya. Da farko wata ciyawar daji mai suna Triticum urartu ta haɗu da wata 'yar'uwar Aegilops speltoides, aka samu alkama mai kuromosom 28 (kuromosom su ne ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki), wadda alkamar taliya ta fito daga zuriyarta. Sannan shekaru dubu takwas zuwa dubu goma da suka wuce, a yankin kudancin tekun Kasfiyan, wannan alkama da mutane suka riga suka fara nomawa ta haɗu da wata ciyawa, Aegilops tauschii, aka samu mai kuromosom 42. Shi ya sa muke cewa tana da rukuni uku, A da B da D. Jimillar haruffan DNA ɗinta wajen biliyan 16 ne, ninki biyar na ɗan Adam, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari maimaici ne, layi ɗaya yana ta dawowa. Ka ɗauka an ba ka littattafai uku masu kusan kalmomi iri ɗaya, an yayyaga su an cakuɗa, an ce ka mayar da kowace takarda mazauninta.

Wannan tagwaitaka tana da tasiri a aikin yau da kullum. Galibin ƙwayoyin halittar alkama suna da kwafi uku. Idan ka kashe ɗaya, sauran biyun su rufe gurbin, ba ka ga komai a gona ba. A 2014 Gao Caixia da abokan aikinta a ƙasar Sin suka nuna haka ƙarara: sai da suka kashe duk kwafi ukun wata ƙwaya mai suna MLO kafin alkama ta jure cutar farar fumfuna. Kuma ko da suka yi nasara, tsiron ya tsufa da wuri, amfani ya ragu. Sai a 2022 suka fitar da wanda ya jure cutar ba tare da asarar ba. Shekara takwas ke nan a kan sifa ɗaya wadda an san ƙwayarta sarai.

Yawan amfani kuwa ɗaruruwan ƙwayoyi ne ke ja masa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa, kuma suna jan juna. Amfani shi ne yawan zangarniya a fili, sau yawan ƙwaya a zangarniya, sau nauyin kowace ƙwaya. An gano ƙwayoyin halitta da dama da ke ƙara girman ƙwaya, an saka su, ƙwaya ta yi girma, sai adadinta ya ragu, ma'auni ya tsaya inda yake. Haka tsakanin yawa da inganci: irin da ya fi bayar da buhu galibi furotin ɗinsa ya fi ƙasa, masu niƙa da masu gasa burodi kuma ba za su saya da daraja ba. Ga kuma yanayi. Ƙwayar da ke taimako a gonar ban ruwa tana iya zama cikas a gonar fari. Don haka jerin DNA ya nuna mana inda kowace ƙwaya take zaune, amma wace haɗuwa ce za ta cika rumbu a wannan ƙasa da wannan zafi, gona ce kaɗai ke faɗa.

Bari in nuna maka yadda aikin yake da hannu, domin mutane suna zaton a gaban kwamfuta ake ƙirƙiro iri. Alkama kanta take yi wa barbara, furenta a rufe yake. Don ka haɗa iri biyu, sai ka zaɓi zangarniyar da ta fara leƙowa daga kube, tana kore shar. Ka tsinke ƙananan furannin sama da na ƙasa da na tsakiya, ka bar biyu-biyu a kowane gefe. Ka datse bakinsu da ɗan almakashi. Sannan da hantsaki mai tsini ka shiga kowane fure ka zare 'yan sandunan ƙurar namiji guda uku, tun suna kore ba su fashe ba. Idan ka bar ɗaya, aikin ya ɓaci, domin zai yi barbarar da kansa. Ka rufe da 'yar jakar takarda, ka rubuta kwanan wata. Bayan kwana biyu zuwa huɗu, idan ka buɗe, za ka ga bakin macen ya baje kamar farin gashin tsuntsu. Sai ka yanko zangarniyar uban, ka bar ta a rana 'yan mintoci har sandunan su leƙo rawaya, ka juya ta a cikin jakar, ƙura ta zuba. Abin da za ka samu ƙwaya goma ne zuwa ashirin, a yamushe. Daga waɗannan ne komai yake farawa.

Zuriya ta farko duk kamarsu ɗaya. A ta biyu ne suke rarrabuwa, dogo da gajere, mai cuta da lafiyayye, kuma sai an bi zuriya biyar ko shida ana zaɓe kafin layi ya zauna ya daina sauyawa. Daga nan a shiga gwajin amfani a wurare da yawa shekaru da yawa, sannan rajista, sannan ninka iri har ya ishi manoma. A al'ada wannan yana cin shekara goma zuwa sha biyu, kuma daga dubban layuka ɗaya ko biyu ke fita.

A nan ne ilimin DNA ya yi rana, kuma ba ƙarama ba. Yau ana tsinke ɗan ganye daga tsiro mai mako biyu a duba ko yana ɗauke da ƙwayar jure cuta, ba sai an jira cutar ta zo ba. Akwai kuma hanyar da ake auna dubban layuka a gona a karanta DNA ɗinsu, kwamfuta ta koyi alaƙar da ke tsakani, sannan ta yi hasashen amfanin sababbin layukan da ba a shuka ba tukuna, a zubar da marasa kyau tun da wuri. A 2018 masana na Jami'ar Queensland da Cibiyar John Innes suka nuna cewa idan aka ba alkama haske awa 22 a yini a ɗaki, ana samun zuriya har shida a shekara. Wata dabarar ma ta fi ban mamaki: a zuba wa furen alkama ƙurar masara, ɗan tayin ya fara girma ya watsar da kuromosom ɗin masarar, a ciro shi a raine shi a kwalba, a ninka nasa da magani, a samu zaunannen layi a zuriya ɗaya. Duk waɗannan suna rage shekaru da kuɗi. Amma ƙarin amfanin da inganta iri ke kawowa a manyan shirye-shirye yana nan wajen kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, wani wuri ƙasa da haka. Ni ban raina wannan kashi ɗaya ba, domin idan ya ɗore shekara talatin ya wuce kashi talatin.

Sai kuma ɓangaren da jama'a ba sa gani, wanda ni a wurina shi ne ya fi cancantar godiya. Iri mai kyau ba ya dawwama, domin cuta ma tana sauya kama. Tsatsar kara ita ce tsohuwar abokiyar gabar alkama. Idan ka ratsa layin da ta kama, wandonka da hannunka su yi ja kamar ka taɓa tsohon ƙarfe, ka murza kara ka ji ya yi kaushi ya tsattsage, ka murje zangarniya a tafin hannu ka hura, abin da ya rage ƙwaya ce kamar tsinke. Kusan shekara talatin wata ƙwayar kariya mai suna Sr31, wadda aka ɗauko daga wani hatsi ɗan'uwan alkama mai suna rai (rye), ta tsare alkamar duniya, har wasu suka ɗauka an gama da cutar. A 1998 aka ga tsatsa a kan irin da ke ɗauke da ita a Yuganda, a 1999 aka tabbatar sabon launi ne, wato sabon nau'in cutar, aka sa masa suna Ug99. Iska ta kai shi Kenya da Habasha, ya tsallaka Yemen a 2006, ya isa Iran a 2007. Da aka gwada irin duniya a tashar Njoro ta Kenya, fiye da kashi 80 cikin ɗari sun kamu. Borlaug, ya kai shekara 90 a lokacin, shi ya tashi ya yi ta kira har aka kafa shirin yaƙi da tsatsa na duniya a 2005, kuma tun daga nan ƙasashe ke aika layukansu Njoro a gwada.

Habasha ta ga yadda abin yake da zafi. Bayan tsatsar rawaya ta yi ɓarna a 2010, manoma suka rungumi wani iri mai suna Digalu, wanda ke jure ta kuma yake jure Ug99. A ƙarshen 2013 wani launin tsatsar kara dabam ya bayyana ya cinye Digalu, wasu gonaki ba a girbi komai ba. Kariyarsa a kan ƙwaya ɗaya ta dogara. Shi ya sa nake goyon bayan masu haɗa ƙananan ƙwayoyin kariya huɗu ko biyar a iri ɗaya, irin su Sr2 da Lr34. Waɗannan ba sa hana cuta shiga gaba ɗaya, rage mata gudu suke yi har alkama ta nuna, kuma sun shafe shekaru da dama ba a karya su ba. Aikin ya fi wuya, ganye ba ya fita tas kamar na mai ƙwaya ɗaya, wani manomin ma ya ga ɗigon tsatsa ya ce irin ba shi da kyau, amma shi ne ke kwana lafiya. Ban da tsatsa ga cutar ƙunar zangarniya, wadda ta fara a Brazil a 1985, ta ɓulla Bangladesh a 2016, ta ɓulla Zambiya a 2018. Ga zafi: nazarce-nazarce da dama sun yi ittifaƙi cewa duk ƙarin digiri ɗaya a ma'aunin Selsiyos yana rage amfanin alkamar duniya da kusan kashi 6 cikin ɗari. Irin da ya ba da abin da na da ya bayar, a shekarar da ta fi zafi kuma da sabuwar cuta, ci gaba ne, ko da ƙididdiga ba ta nuna ba.

Ina ake sa ran ƙari? Ni dai idona yana kan faɗaɗa tushe. Rukunin D ya shigo ta 'yan tsirrai kaɗan ne a wancan haɗuwa ta dā, don haka bambancinsa ƙanƙane ne. Tun shekarun 1980 CIMMYT ke maimaita haɗuwar da hannu, alkamar taliya da Aegilops tauschii, don shigo da abin da aka baro a daji, kuma Chuanmai 42 da aka fitar a Sin a 2003 daga nan ya fito. Akwai kuma tarin A. E. Watkins, wanda a shekarun 1920 da 1930 ya tattaro irin gargajiya daga ƙasashe 32. Guda 827 suna nan a Cibiyar John Innes. Da aka karanta DNA ɗinsu aka wallafa a 2024, sai aka ga sun kasu zuriya bakwai, kuma alkamar zamani daga biyu kawai ta fito. A irin wannan aiki ne jerin 2018 yake biyan kuɗinsa, domin da shi ake gane guntun da ke da amfani a ɗauko shi ba tare da tarkacen da ke maƙale da shi ba. Alkamar aure, wato sayar wa manomi zuriyar farko ta haɗin iri biyu, irin yadda ake yi wa masara, ana ta ƙoƙari, amma ƙarin da take bayarwa bai kai na masara ba kuma samar da irinta yana da tsada. Ajantina ta amince da HB4 a 2020, alkama mai ɗauke da ƙwayar furen rana don jure fari, ita ma amfaninta a shekarar fari yake fitowa.

Kada kuma mu ɗora wa iri abin da ba nasa ba. A 2022 wani manomi a Lincolnshire ta Ingila, Tim Lamyman, ya girbi tan 17.96 a hekta. Kwatanta da tan 3.5 na duniya. Yanayinsa mai sanyi ne da dogon yini da doguwar kaka, ba kowa zai samu haka ba, amma tazarar tana nuna cewa a wurare da yawa irin da ke hannu bai ba da ko rabin abin da zai iya ba. Shuka a makare da mako biyu, har cikar ƙwaya ta faɗa cikin zafi, tana iya cinye ribar da masu inganta iri suka tara a shekara goma.

Don haka idan ka sake ganin labari cewa an gano ƙwayar da ke ƙara amfanin alkama da kashi 20, ka nemi sanin abu uku kafin ka yi murna. A tukunya aka gwada ko a gona, da yawan shukar da manomi ke yi? Wurare nawa, kaka nawa? Kuma da wane iri aka kwatanta, da tsohon irin ɗakin bincike kamar Chinese Spring, ko da mafi kyawun irin da manoma ke shukawa a yankin? Tsiro ɗaya a tukunya ba shi da maƙwabcin da zai raba haske da ruwa da shi, shi ya sa yake iya yin abin mamaki. Yawancin irin waɗannan sakamako, idan aka saka ƙwayar a iri na zamani aka kai gona wurare goma kaka uku, ƙarin yakan dawo kashi ɗaya ko biyu, wani lokaci ya ɓace. Wanda ya tsira da kashi biyun nan, shi muke ɗauka mu haɗa da na gaba.